Amsa ga amaryar da kaskon gashinta ke kama nama yana kuma tsatsa

Wa alaikumus salam amarya, Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Tun da safe na ga tambayarki, na bari sai da na sallami yara Islamiyya, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce cikin kayan kicin ɗinki akwai kaskon gashi mai layi-layi, wanda masu shago ke ce wa giril. Sau biyu kin gwada kaza duk ta manne, hayaƙi ya turnuƙe gida, kin wanke kin tura shi ƙarƙashin wurin wanke-wanke, yanzu kin ciro kin ga ja-ja tsakanin layukan. Ga kicin ƙarami, kin rasa inda za ki sa tukwane. Na ga wasu sun ce jabu ne ki yar. Don Allah kada ki yar.

Wannan tsatsar ma ita ta gaya mini irin wanda kike da shi. Alminiyon ba ya jan tsatsa, baƙin ƙarfe na zubi ne ke yi, kuma shi ne mai kyan. In kina son ki tabbatar, ciro ɗan maganaɗisun nan da ake mannawa a ƙofar firiji ki kara a gefen kaskon, ba gindinsa ba, don wasu na alminiyon ana lika musu faifan ƙarfe a ƙasa. In ya kama gefen, shi ne. Nauyi ma zai gaya miki: matsakaici yakan kai kusan kilo 3, hannu ɗaya ba ya jin daɗin ɗaukarsa. Irinsa ba ya mutuwa sai in ya tsage. Akwai kamfanin Lodge a jihar Tenesi ta Amurka da ke zuba irin wannan ƙarfe tun 1896, kuma a can mutane har gadon kaskon kakanninsu suke yi.

Nawa ya shekara goma sha ɗaya a hannuna, kuma duk wahalar da na sha da shi, in na bi diddigi, ruwa ne. Ruwa a jikin nama lokacin gashi, ruwa a jikin kasko lokacin ajiya. Naki ma abu biyun nan ne suka haɗu.

Mu fara da ceto shi. Samu soson ƙarfe ki dirje tsatsar sosai, lungu-lungu, har sai jan ya tafi. Yau kaɗai na yarje miki soson ƙarfe a kansa. In ta ci ciki, ki haɗa ruwan kal da ruwa daidai-wa-daida ki jiƙa shi kamar rabin awa, kina dubawa, kada ki tafi barci ki bar shi a ciki don tsamin zai fara cin ƙarfen kansa. Ki ɗauraye, ki goge, ki ɗora a wuta har ya bushe ƙarau. Daga nan sai abin da iyayenmu ke yi wa sabuwar tanda. Duk wadda ta tashi gidan da ake waina ta san ba a sayo tanda yau a zuba ƙullu yau: sai an ɗora ta a wuta an yi ta shafa mai, kuma duk da haka wainar farko sai ta kama. Tsohuwar tandar da ta yi baƙi tana sheƙi, ita ce ake aro gida-gida ranar suna. Wannan baƙin ba dauɗa ba ne, mai ne da zafi ya gasa har ya zama fata mai tauri a jikin ƙarfen, ita ke hana kamu, ita ke hana ruwa taɓa ƙarfe. Da tsohuwar zuma ake magani.

To ki ɗiga man gyaɗa kaɗan a tsumma mai tsabta, ki shafe shi ciki da baya da mariƙi, sannan ki ɗauko busasshen tsumma ki goge kamar kin yi kuskuren shafawa kina so ki cire. A nan yawancinmu ke faɗuwa. Ni da farko malala masa mai na yi, wai don ya sha sosai, ya fito yana danƙo kamar an zuba masa ƙaro, ƙura da kyankyasai suka samu wurin zama. In kina da oben, ki kifa shi a ciki a kan digiri 220 na salshiyos tsawon awa ɗaya, ki kashe ki bar shi ya huce a ciki. In babu, kan gas ma ya yi: matsakaiciyar wuta har ya yi hayaƙi hayaƙin ya ɗauke, ya huce, ki maimaita sau uku. Ki buɗe taga.

Sai gashin. Kaskon nan yana jinkirin ɗaukar zafi, amma in ya ɗauka ba ya saki da wuri. Ki ba shi minti biyar zuwa takwas a matsakaiciyar wuta babu komai a ciki. Kan gas ɗinmu ƙarami ne, tsakiya kawai yake dukawa, don haka nakan ɗan juya kaskon ko kusurwoyin su samu. Yarfa ɗigon ruwa da yatsa: in ya yi cau ya ɓace nan take, ya yi. Mai kuma a jikin nama ake shafawa, ba a cikin kasko ba. In kika zuba a kasko gangarawa yake cikin kwarin layukan ya zauna yana ƙonewa, naman da ke sama bai ko san da shi ba. Rabin hayaƙin da ya kore ki daga kicin daga nan ya fito.

Ɗaya rabin kuma na rantse daga haɗin da kika jiƙa kazar ne. Mun saba markaɗa albasa da attaruhu da tafarnuwa mu kwaɓa nama da su, a ɗauko yana zuba a ɗora. Wannan na oben ne ko na tukunya. A kan kasko mai zafi ruwan sai ya sauke zafin, naman ya koma dahuwa a cikin tururinsa, markaɗen kuma ya ƙone ya zama gam tsakanin fatar kaza da ƙarfe. Ki jiƙa abinki ya kwana a firiji in kina so, amma kafin gashi ki ciro shi ya sha iska kamar minti ashirin, ki share markaɗen, ki dandanna da tsumma ko takardar kicin har ya bushe, ki shafa mai. In kin ɗora, ki cire hannunki. Kada ki taɓa, kada ki leƙa ƙasansa. Nama da kansa yake sakin ƙarfe in gefen ya gasu. Bayan minti uku ko huɗu ki ɗan ɗaga da abin juya nama, in kin ji yana turjewa ki ƙara masa minti ɗaya. Kuma kada ki cika kaskon maƙil, gara ki yi zubi biyu.

Yajin tsire kuwa, ki tuna ƙuli-ƙuli ne, gyaɗa ce, saurin ƙonewa gare ta ta yi ɗaci. Barbaɗa kaɗan kafin gashi, sauran bayan kin sauke, naman na da zafi da maiƙo. Haka duk abin da ke da zuma ko sukari, sai a ƙarshe.

Wace irin kaza kika sa ma? In ta Hausa ce, ba kaskon da zai yi mata laushi, sai kin sulala ta tukuna, ta tsane, sannan ki ɗora don ta yi layi da ƙamshi. Ta gidan gona kuma ki cire ƙashin cinyar ki baje ta, kaurin ya zo ɗaya. In kin bar ta da ƙashi waje zai yi baƙi ciki da jini. Masu ma'aunin zafin nama suna neman digiri 74 a tsakiya. Ni dai nakan tsaga wurin da ya fi kauri, in ruwan ya fito fari tas ba ja, na sauke. Naman sa ki yanka shi fale-fale, ki gitta zaren naman, kada ki bi tsawonsa. In mai tauri ne, ɗanyen gwanda kaɗan da aka goga yana karya shi, amma kada ya wuce awa ɗaya, in ba haka ba zai koma kamar an tauna. Abin da ya fi ba ni sha'awa a kaskon nan ma ba nama ba ne: awara da aka matse sosai, agada cikakkiya, tattasai, yalo, da burodi da safe. Karfasa na yi kyau in kin tsattsaga ta kin busar. Tarwaɗa akwai maiƙo da tsartuwa, ita a tsakar gida nake yi.

Gaskiya ɗaya zan gaya miki don kada ki sa rai: ba zai ba ki ɗanɗanon mai tsiren bakin titi ba. Wancan ƙamshin daga kitsen da ke ɗiga kan garwashi yake tasowa ya koma jikin nama. Kasko layi yake bayarwa da ƙamshin gashi, ya raba naman da kitsensa. Ranar da maigida ya ce shi balangu yake so na gaske, ki hura gawayi ki ɗora waya. Kuma hayaƙi kaɗan dole ne, ko kin bi duk abin da na faɗa. In za ki fita da shi waje kan ƙaramar tukunyar gas mai kai a sama, ki kula, nauyin mariƙin kan rinjaye shi.

Ga sauran 'yan uwa da nasu mara nauyi ne mai santsin nan na nonsitik, kada ku bi abin da na ce na zafafa kasko babu komai. Wannan shafen yana fara lalacewa in zafi ya haura digiri 260, kuma kasko fanko a kan babbar wuta yana kai wa can cikin 'yan mintoci. Hayaƙinsa ba kyau, har tsuntsayen gida yana kashewa. Matsakaiciyar wuta, cokalin katako, soso mai laushi. In ya fara ɓarewa, kwanansa ya ƙare.

Wanki: tun yana da ɗumi, ruwan zafi da buroshi mai tauri, ki bi layukan. In abu ya kafe, barbaɗa gishiri ki dirje da ɓarin dankali. Ɗan sabulu ba ya komai. Abu biyu ne haram a kansa, jiƙawa ya kwana, da kwara masa ruwan sanyi yana tsakar zafi, don yana iya tsagewa. Bayan wanki kada ki kife shi a kwando tare da kwanuka. Mayar da shi wuta minti biyu, shafa ɗigon mai, goge.

Yanzu ajiya. Ƙarƙashin wurin wanke-wanke shi ne mafi munin wuri a duk kicin, ko famfo ba ya yoyo akwai laima. Can na bokiti ne da omo. Ni a Fatakwal na koyi wannan karatu, lokacin da aka mayar da maigida can. A Kano na saba in wanke abu in ajiye, kafin in juya ya bushe. Can kuwa iskar kanta jiƙaƙƙiya ce. Muka yi tafiyar sati uku cikin watan Agusta, na jera komai a kabad na rufe ruf, kowace tukunya da murfinta. Da na dawo, kaskon ya yi ja kamar an barbaɗa masa jan ƙasa, muciya da ludayin katako sun yi hunhuna fari-fari, kulolin abinci kuwa da na buɗe ɗaya sai da na ja da baya don hamami. Tun daga ranar ba na rufe tukunya ko kula da murfinta a ajiya. Ko in kifa murfin a kai in sa ɗan kwali a tsakani iska na shiga, ko in ware murafan gaba ɗaya in jera su a tsaye cikin tsohuwar ragar kwanuka. Murafai ne ma ke cinye wuri a kabad, in kin raba su da tukwane sai ki ga tukwane biyar sun shige cikin juna sun zauna a gurbin ɗaya.

Amma in za ki jera su cikin juna, ki yanka kwalin indomi ko tsohon tawul ki sa tsakanin kowane biyu. Saitin nonsitik ɗina na aure ba girki ne ya kashe shi ba, gindin wannan ne ya yi ta gogar cikin wancan duk lokacin da na zaro ɗaya. Shi kuma kaskon gashi kada ki sa shi can ƙasan tulin. Na yi haka shekara guda cur ban yi gashi ba, saboda kawai ƙyuyar sauke tukwane shida. Nema masa wuri shi kaɗai a kanta ta ƙasa, a tsaye ya jingina da bango, ba sama ba inda zai suɓuce ya faɗo wa yaro ko ya fasa miki tayil. Ratayewa ma na da kyau a ƙaramin kicin, amma ki sa a kafa miki ƙugiya mai ƙarfi da aka huda bango aka ɗaure, ba ƙusa a filasta ba. Da hunturu sai ki sa shi cikin tsohuwar rigar filo, don ƙura na son jikin mai. Leda kuwa a'a, tana tara gumi.

Wasu na ajiye shi cikin oben, nima yanzu can nawa yake, wuri ne busasshe. Sharaɗin kawai shi kaɗai zai zauna. Na taɓa cusa murafai masu mariƙin roba a ciki, ƙanwar maigida ta zo hutu ta kunna za ta yi kek ba ta duba ba, sati guda gidan na warin ƙonanniyar roba.

Kina amarya, na san rabin abin da ya cika miki kabad kayan jere ne da ba ki taɓa ɗora su a wuta ba. Mutum biyu ne ku a gidan. Tukwane uku, kaskon suya ɗaya, na gashi ɗaya, butar shayi, su ne za ki bari a hannu. Manyan tukwanen taro da saitin samira da kulolin baƙi ki tabbatar sun bushe, ki mayar da su kwalayensu ki ɗora saman kabad ko sito, ki rubuta abin da ke ciki a jikin kwalin. In Umma ta zo ta tambayi ina kayan da ta saya, ki nuna mata suna nan lafiya. Kuma ki daina barin miyar tumatir ta kwana a tukunyar alminiyon, tsami da gishiri ne ke yi mata ƙananan ramukan nan a ciki. Juye a roba ki sa firiji.

In kin gama gyaran kaskon, kada ki fara da kaza. Fara da albasa da aka yanka da kauri, ko agada, kwana biyu ko uku, ya ƙara shan mai. Sannan ki gwada cinya ɗaya tak, ki ɗauko mana hoton bayanta mu gani.