Ƙwayar bitamin tana ƙara tsawon rai?

Tambaya: Likita, shekaruna 54, ɗan kasuwa ne ni, wuni nake zaune a shago. Wani abokina ya ce in riƙa shan ƙwayar bitamin kullum, wai tana hana tsufa da ciwon zuciya. Tana da tsada, ga shi an ce ina da hawan jini kaɗan. In ci gaba da saye?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Rai a hannun Allah yake, amma in sababi ake nema, ba a cikin kwalbar nan yake ba.

An sha gwada wannan magana. A 2024 masu binciken cibiyar cutar daji ta Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar mutane kusan 390,000 na tsawon shekara 20 da ɗoriya, kuma masu shan haɗin bitamin kullum ba su fi sauran daɗewa a duniya ba. A 2018 wani gwaji mai suna VITAL, na mutane kusan 26,000, ya nuna bitamin D da man kifi ba su rage kamuwa da cutar daji ko manyan cututtukan zuciya ba. Wani lokacin ma illa ake samu: a ƙasar Finlan an ba maza masu shan taba sinadarin beta-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, sai a 1994 aka ga cutar dajin huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a tsakanin waɗanda suka sha.

Akwai masu bukatar ƙari da gaske. Mai juna biyu tana bukatar folik asid da maganin ƙarin jini, mai ciwon suga da ya daɗe yana shan maganin suga na metfomin yakan rasa bitamin B12, haka duk wanda awon jini ya nuna masa ƙaranci. Mai sikila kuwa, musamman wanda ake yawan yi wa ƙarin jini, kada ya sha ƙwayar sinadarin ƙarfe sai da izinin likitansa, don yakan taru ya lalata hanta da zuciya.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne zaman nan na wuni guda. Tun a 1953 wani likita, Jeremy Morris, ya duba ma'aikatan bas masu bene a Landan. Direbobi suna zaune, kwandastoci suna hawa da sauka a matakala suna karɓar kuɗi, sai ga shi ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, wato aƙalla minti 30 sau biyar. Tafiya da sauri ta isa, irin wadda za ka iya magana amma numfashinka ya ɗan hau. Bayan Asuba ya fi, kafin rana ta yi zafi. Ka riƙa ajiye babur in wurin ba nisa, ka tashi ka zaga duk bayan awa ɗaya, ka daina aiken yaron shago kan abin da ƙafarka za ta iya. Sau biyu a mako ka ƙarfafa tsoka, ko da tashi da zama ne daga kujera ba tare da dafawa ba, domin a shekarunka tsoka ta fara zubewa, ita ce kuma ke riƙe mutum a tsufa.

Sai gishiri, tunda ka ambaci hawan jini. Iyakarsa ƙasa da giram 5 a wuni, kusan cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa da na ɗanɗanon dunƙule, yajin tsire, kilishi da taliyar leda. Ka roƙi uwargida ta rage dunƙule ta ƙara daddawa, albasa da citta. Sukarin shayi da lemon kwalba su ma a rage. Kuɗin kwalbar bitamin ka mayar da su kan wake, zogale, rama, alayyafo, yalo, gwanda da lemo. Ana so ganye da 'ya'yan itace su kai giram 400 a wuni.

"Hawan jini kaɗan" ba abin wasa ba ne, Alhaji, shi ne ke jawo shanyewar ɓarin jiki ba tare da sallama ba. Ka riƙa aunawa a kai a kai, in an rubuta maka magani kada ka bari don ka ji sauƙi. In kana tafiya ka ji ƙirji ya riƙe, ko jiri, ko numfashi ya yi wuya fiye da kima, ka tsaya ka je asibiti a ranar.