Shin Girkancin Dā Ba Shi da Ƙa'idar Jera Kalmomi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ji malaminmu na ilimin harsuna yana cewa a Girkancin dā ana iya ajiye kalma a duk inda aka ga dama cikin jimla. To, ta yaya mai sauraro yake gane wanda ya yi aiki da wanda aikin ya faɗa wa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Maganar malaminku tana kan hanya, amma tana buƙatar ƙarin bayani. A Hausa, wurin da suna yake zaune shi ne ke nuna aikau ne ko karɓau, shi ya sa "kerkeci ya kori doki" da "doki ya kori kerkeci" suka zama labari biyu. A Girkanci kuwa ɗafa-ƙeya, wato ƙarshen kalma, ce ke ɗaukar wannan nauyi: lukos shi ne kerkeci idan shi ya yi aiki, lukon idan a kansa aikin ya faɗa, haka kuma hippos da hippon ga doki. Saboda haka "lukos hippon diokei" da "hippon lukos diokei" duk suna cewa kerkeci ne ke korar doki. Duk wanda ya yi karatun nahawun Larabci ya san irin wannan a marfu'i da mansubi da majruri, sai dai Girkancin dā yana da irin waɗannan halaye guda biyar, har da na kira.

Abin da nake so ki riƙe shi ne wannan 'yanci ba barin kalmomi ba ne sakaka. Tun a 1892 Jacob Wackernagel, masanin harsuna ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa ƙananan kalmomi irin su gar, mai nufin "domin", ba sa buɗe jimla. Matsayi na biyu suke nema. A 1995 kuma Helma Dik, masaniyar Girkanci, ta bi rubutun Herodotus, marubucin tarihi na Girka ta dā, ta nuna cewa marubucin yakan fara da abin da ake magana a kansa, sai sabon bayanin da yake son jaddadawa, sannan aikatau, ragowar kalmomi su biyo baya. A ganina wannan bincike ya fi gamsarwa a kan tsohuwar muhawarar ko aikatau a tsakiya yake ko a ƙarshe, domin ya duba abin da mai magana yake nufi.

Hausa ma tana yin kusan haka idan muka ce "ɓarawo suka kama" maimakon "sun kama ɓarawo", kuma ki lura "sun" ta koma "suka". Waƙar Iliad ta Homer, mawaƙin Girka ta dā, ta buɗe da kalmar menin, wato fushi, wadda karɓau ce, aikatau "rera" ya biyo ta, domin fushin jarumi Akilis shi ne batun waƙar tun daga baitin farko.