Ga ɗan'uwa mai tambaya kan makullin bonet da inzar a Jidda

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, barka da arziki, Allah ya sa a mora, ya tsare hanya.

Na ga tambayarka tun da rana, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce ka sayi Hilux ta hannu ƙirar 2013, kana zaune a kudancin Jidda a imarar (gidan bene) da ba ta da wurin ajiye mota, a bakin titi take kwana, ga shi kwanan nan an cire wa maƙwabtanka batir. Kuɗin hannunka ba za su kai ka yi komai a lokaci guda ba, shi ne kake tambayar wanne za ka fara sawa, inzar, wato ƙararrawar tsaro mai jiniya, ko makullin bonet. Na ga 'yan'uwa da dama sun ce maka inzar. Ni wayarin mota ce sana'ata, a sana'iyya, unguwar masu gyaran motoci, nake wuni, kuma Allah ya huci zuciyarsu, ban bi su ba. Fara da bonet.

Duk inzar ɗin da za a ɗaura maka, ransa a ƙarƙashin bonet yake. Batir yana can, jiniya tana can, fiyus yana can. Buɗe ƙofar direba ka duba ɗan hannun nan da kake ja bonet ya ɗago. Ba komai a bayansa sai siririyar wayar ƙarfe irin ta birkin keke, ta bi gefen madigadi ta je ta kama harshen makulli a bayan ragar gaba. A motoci da yawa na wancan zamani, musamman masu tashi daga ƙasa irin taka, wanda ya san kan abin yana iya kai wa wayar nan daga waje ba tare da ya taɓa ƙofa ba. Da bonet ya ɗaga, kafin ka ce kwabo ya datse wayar jiniya ko ya kwance kan batir. Jiniyar ta yi tsuwa sau ɗaya ta mutu. Kai kuwa kana hawa na uku, tagogi a rufe, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana gurnani a kanka. Me za ka ji?

Akwai wani bawan Allah da ya kawo min Accent ɗinsa yana rantsuwa an sayar masa da jabun inzar, don an ɗauke masa batir cikin dare ba wanda ya ji motsi. Na durƙusa gaban motar, ban ma buɗe bonet ba na hango jiniyar ta cikin raga, an ɗaure ta da kusa ɗaya, jar wayarta na reto an yanke ta fes. Na sa masa wani batir, na haɗa wayar, abu ya kama ihu har makanikan gefe suka leƙo. Lafiyar inzar ɗin ƙalau, wanda ya ɗaura ne ya ajiye shi a bakin ƙofar ɓarawo.

Mafi araha a makullan bonet ita ce sarƙa da kwado, kuma kada kowa ya raina maka ita. Ana kafa kai ɗaya a ƙarfen cikin bonet, ɗayan a ƙarfen da ke riƙe lagireto, yadda in ka ja hannu bonet zai ɗago daidai shigar tafin hannunka ka buɗe kwadon. Duk sirrin a tsawon sarƙar yake. In ta yi tsawo, hannu da sifana lamba 10 zai kai kan batir, ka ga an yi ba a yi ba. A ja ta ta ɓangaren da batir yake, a gajarce ta, a zura ta cikin tsohon tiyo don kada ta dame ka da ƙara, kuma don kada ta taɓa kan batir mai wuta ko ta faɗa wa fanka. Kwado ka nemi na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa. Iskar Jidda gishiri ce da laima, kwadon da ya yi shekaru lafiya a Kano nan rani ɗaya zai cije. Ka riƙa ɗiga masa mai. Makullinsa kada ka haɗa shi zobe ɗaya da na mota, don akwai ranar da za ka so buɗe bonet inji na aiki.

Wanda na fi so shi ne makullin da ake kafawa a ƙarƙashin sitiyari da ɗan makullinsa daban, ba ruwansa da wuta. Sai dai a nan ake cutar mutane. Akwai wanda hannun ja kawai yake riƙewa daga ciki, wayar kuwa tana nan yadda kamfani ya bar ta, mai jan ta daga waje bai ma san ka sa wani abu ba. Na kirki shi ne mai tasa wayar daban cikin bututun ƙarfe, wadda ke tura sakata ta shiga jikin bonet. Ka ce mai shagon ya kulle, sannan ya ja wayar asali da filaya a gabanka. In bonet ya ɗago, ɗauki kuɗinka ka yi gaba.

Sai na wuta, wanda ke kulle kansa da zarar ka danna rimot. Daɗin amfani gare shi, ba ka mantuwa, amma a ƙasar nan ina jin tsoronsa. Kowa ya san abin da zafi ke yi wa batir. A Makka rani yakan haura digiri 45, ballantana ƙarƙashin bonet, kuma batir a nan ba ya sallama, jiya lafiya yau shiru. To batir ya mutu, makullin yana jiran wuta kafin ya saki, batir ɗin da za ka canza kuma yana bayan makullin. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. An taɓa kira na wajen wata Camry a bakin masallaci bayan azahar cikin watan Agusta. Mai motar bai san inda aka ɓoye wayar gaggawa ba, yaron da ya ɗaura masa kuma ya koma ƙasarsu. Sai da na shimfiɗa kwali a kwalta mai ƙuna, na shiga ƙarƙashi na ba ta wuta ta kan babbar wayar kik, sannan sakatar ta ja baya. In dai sai ka sa irin wannan, kada ka bar shagon sai an kama hannunka an ɗora a kan wayar gaggawar, ka ja da kanka ka ga ya buɗe. Kuma duk wata biyu ka ja ta, don ita ma tana cijewa.

Ko wanne ka zaɓa, ka tuna wata rana bonet zai bukaci buɗewa cikin sauri: mota ta ɗau zafi a hanyar Makka, ko hayaƙi ya taso, ko ranar fahas, wato binciken lafiyar mota, ana neman ganin inji. Makulli ya zama a jikinka yake, ba a aljihun wata riga da ke rataye a gida ba.

Idan kuɗi suka samu sai a zo kan inzar. Abin da zan ce ka nace a kai shi ne jiniya mai ɗan batir a cikinta, wadda in an yanke mata waya ko an cire batir ɗin mota, a lokacin ne ma take ƙwala ihu. Ita ma zafi yana cin ɗan batir ɗin nata, saboda haka gwada ta lokaci zuwa lokaci: kunna inzar, cire baƙin kan batir, ka saurara. In ta yi shiru ta zama kwalliya. A ɗaure ta can ciki kusa da bangon da ya raba inji da ɗakin mota, nesa da zafin salansa, bakinta na kallon ƙasa, kuma a sama. Wanda ya ga ruwan da aka yi a Jidda a Nuwamban 2022 ya san dalilin da ya sa na ce a sama. Sannan a sa ɗan maɓallin nan a bakin bonet, wanda ke tayar da jiniya da zarar an ɗaga. Masu gaggawa sukan bar shi a kwali, don sai an huda ƙarfe.

Kada kuma a ƙure masa ji. Unguwanninmu cike suke da kyanwoyi, ga motar shara da asuba, ga samari masu buɗaɗɗiyar salansa. Motar da ke ihu sau biyar a dare, sati guda maƙwabta za su daina leƙowa, haris mai gadin gida ya fara gaishe ka ciki-ciki, kai da kanka ka kashe abin don a zauna lafiya. Yadda nake saitawa: dukan tafin hannu a gilashi ya sa ta yi gargaɗi gajere, sai duka mai ƙarfi ne zai sa ta ɓarke. Tunda a sama kake kwana, wanda ke buga maka ƙara a rimot ko ya turo saƙo a waya ya fi maka amfani a kan wanda ya fi kowa kururuwa a titi.

Wurin haɗa wayoyi ka tsaya a kansu. Murɗa waya a naɗe da baƙin tef aikin ranar ɗaya ne, zafi zai narkar da gam ɗin, tef ya warware, wata rana fitilun dashbod su kama rawa ba ka san mafari ba. A like da dalma, a sa fiyus. Akwatin inzar ɗin kuma kada a cusa shi a ƙarƙashin sitiyari inda kowa ke cusawa, nan ɓarawo ke fara laluba. In an gama ka ce a sa mita a auna wutar da motar ke sha tana kashe. Mu a wajenmu in ta wuce miliamfiya 50 da yawa akwai magana. Lissafin ba wuya: abin da ke shan 150, a kwana ɗaya ya janye amfiya 3.6, batir mai 60 ya kai rabi cikin kwana takwas ko tara. Ka tafi aikin Hajji ko ka leƙa gida wata guda, ka dawo ka tarar da gawa. Araha ba ta ado.

Akwai abin da bai kai inzar tsada ba kuma a ganina ya fi shi hana a tafi da motar ɗungurungum, shi ne ɓoyayyen maɓalli. Kai makullinka wurin masu yankan makulli ka tambaye su ko akwai ƙwayar tsaro a kansa, wadda in babu ita inji ba ya tashi. Na ga motocin aiki da yawa na shekarun nan da makullinsu ƙarfe ne zalla. In naka haka yake, kuma motar ta fetur ce, a sa maɓalli ta hanyar rile, ɗan akwatin da ke haɗa wuta da yanke ta, a layin famfon mai. Ɓarawo zai yi ta ba ta kik, ta kama ta mutu, ya ɗauka lalatacciya ce, shi kuma ba shi da lokacin gyara a bakin titin mutane. Ba zan faɗi inda nake ɓoyewa a nan ba, kai ma kada ka faɗa wa kowa sai mutum ɗaya a gidanka. Nan ma kulle bonet ke taimakawa, don wanda ya kasa buɗewa ba zai iya yi wa wayarin ɗinka zagaye daga akwatin fiyus ba.

Duk wannan ba ya hana wanda ya zo da sataha, motar ɗaukar motoci, ya ɗora motar, ba ya hana masu kwanciya a ƙarƙashi su yanke tukunyar salansa mai tace hayaƙi, wadda ake sayarwa don ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Maganin waɗannan wurin ajiya ne: gaban shago mai kyamara, ƙarƙashin fitila, tayoyi a karkace zuwa gefen titi. Masu sababbin motocin da ake tayarwa da danna maɓalli kuma matsalarsu daban ce. A 2023 masana a Ingila sun nuna yadda aka sace RAV4 ta wayoyin fitilar gaba, ba a nemi bonet ba sam. Su makullin sitiyari na ƙarfe da na'urar bin sawu suka fi kamata da su. Na'urar bin sawu kai ma za ta yi maka rana, ko da yake ihu ne bayan hari. In ta nuna maka wuri, ba wa askar, wato 'yan sanda, bayanin, kada ka ɗebi abokai ku tafi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutumin da ya kashe kuɗi a kan duk waɗannan, sannan ya tsaya bakin baƙala, wato shagon kayan masarufi, ko injin cire kuɗi ya bar inji na aiki don kada mukayyif ya huce. Minti biyu ne, in ji shi. A dokar murur, wato ta zirga-zirgar motoci, barin mota a buɗe tana aiki laifi ne mai tarar riyal 100 zuwa 150, kuma tarar ce ƙaramar asara. Inshorar da yawancinmu ke yi don sabunta istimara, wato takardar rajistar mota, ta ɓarnar da ka yi wa wani ce kawai, ba ta biyan sata. Ko mai shamil, wato cikakkiyar inshora, in aka gano makulli na jiki ko an bar ƙofa a buɗe, sharaɗin takardar ya fitar da shi.

In Allah ya ƙaddara aka wayi gari ba mota, kira 911 nan take, ita ce lambar yankin Makka har da Jidda, kuma akwai wurin kai rahoton satar mota a manhajar gwamnati ta Absher. Saurin yana da dalili: duk abin da kyamarar Sahir mai kama masu karya dokar hanya ta kama, ko wani mugun aiki da aka yi da motar kafin rahotonka ya shiga, lambarka ce a jiki. Ban sani ba ko an riga an juya motar zuwa sunanka. In har yanzu tana sunan wanda ya sayar maka ko na kafil mai ɗaukar nauyin zamanka, wannan ka fara gyarawa kafin sarƙa da kwado, don mai suna a istimara shi hukuma ta sani. Ka ɗauki hoton istimara da lambar shasi ka ajiye a waya da kuma wurin wani a gida.

Batir ɗin kansa, tunda satarsa ake yayi a layinku, ka rubuta lambar motarka a jikinsa da fenti, manya-manya, sama da gefe. Mai sayen na sata ba ya son kaya mai suna.

In ka samu sarari ka ɗauko min hoton bayan ragar gaba da wurin zaman batir, bonet a buɗe, ka turo min ni kaɗai, sai in gaya maka ko sarƙa za ta zauna ko sai an huda. Ka rufe lambar motar kafin ka turo.