Wane tsarin jarumi ya fi ƙarfi a wasan bidiyo na Elden Ring?

Ɗan'uwa, ka ce manyan dodanni na yi maka kisan mummuƙe, kana neman tsarin da zai kai ka ƙarshe. Ni dai zubar jini zan ce maka. Kowane sara yana cika wani ma'auni a jikin abokin gaba, da ya cika sai wani kaso na ransa ya tafi lokaci guda, komai girmansa.

Fara da Samurai, don yana zuwa da takobin Uchigatana mai zubar da jini. Kafin komai ka kai Vigor (makin da ke ƙara maka yawan rai) 40, daga baya 60, domin mushe ba ya sara. Sauran maki ka zuba a Dexterity (ƙwarewar riƙe makami) da Arcane (mai hanzarta zubar jini a wasu makamai).

In ka isa yankin Mountaintops of the Giants, kashe wani mahari mai suna Okina kusa da cocin Church of Repose ka karɓi takobin Rivers of Blood. Haɗa shi da layar Lord of Blood's Exultation, wadda ke ƙara ƙarfin sara da kashi 20 cikin ɗari idan jini ya zuba.

Sai dai fa Radagon da Elden Beast, dodannin ƙarshen wasan, zubar jini ba ya kama su sam. Don haka ajiye Larval Tear guda, abin da ake ba sarauniya Rennala ta ba ka damar sake raba makinka, ka canza tsari kafin ka fuskance su.