Kada ka hau bishiyar nan da kanka, ɗan'uwa

Wallahi ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don ramin da na faɗa ne kake tsaye a bakinsa. Ka ce ma'aikatan kamfanin wuta sun shafa wa bishiyoyi huɗu na bayan gidanku jan fenti, sun ce za su dawo su sare, kai kuma kana so ka riga su, ka sa tsani ka rage rassan da kanka ko a bar maka su. Don girman Allah kada ka hau, kuma kada ka sa ɗan kowa ya hau.

Nawa na turare ne, guda shida, mahaifina ya dasa su da hannunsa a gefen gona tun kafin a ja layin wutar. Da aka shafa musu fenti na yi irin lissafinka. Na samo wani yaro gwanin hawa, na nuna masa wayar, ya ce, "Yaya, ai ba zan taɓa ta ba." Kuma bai taɓa ta ba. Reshen da yake sara ne ya ƙi faɗuwa inda muka zata, ya murɗa, ganyensa ya doshi wayar. Na ji ƙara kamar an fasa dutse, na ga wani haske shuɗi, sai ga yaro ya sulalo ƙasa, addarsa ta faɗi can gefe. Warin ƙunar nan har yau in na tuna sai cikina ya juya. Tafin hannunsa ya yi fari fat, ga wani ɗan rami a diddigensa inda wutar ta fita. Na tsaya ina kiran sunansa, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa har gobe. Na ɗauki nauyin magani, sai dai duk sanda mahaifiyarsa ta gaishe ni ba na iya haɗa ido da ita.

Abin da ban sani ba a lokacin, ɗanyen itace cike yake da ruwa, wuta tana bi ta cikinsa. Wayoyin saman nan yawancinsu tsirara suke, babu roba. Kuma babbar waya ba sai an taɓa ta ba, in abu ya matso kusa wutar tana tsallakowa ta iska. Tazarar da ka gani da safe ma ba ita ce ta rana ba, don idan zafi ya yi kuma lodi ya yi yawa wayar tana miƙewa ta sauko, iska kuma tana kaɗa ta.

Muna asibiti ɗan kwangilar da kamfanin wuta ya ba aikin sarar ya zo da injin yankansa. Bai nemi kowa ba, bai aiko ba. Ya kwantar da duka shidan, har da biyun da ko faɗuwa suka yi ba za su kai layin ba. Ya loda gungumen a mota, ya bar mini tarin rassa a kan shuka. Da na same shi ko tashi bai yi daga kujera ba, ya ce aiki aka ba shi, in ina da magana in je ofis. Na je ofis sau uku, kowa ya ce wane zan gani. Aka tambaye ni takarda, ba ni da ita. Aka tambaye ni hoto, babu. Ɗan kwangilar nan ya san ina jinyar yaro, a kan hanyarsa ta zuwa gonar aka gaya masa. Wannan ne ya fi ci mini rai, ya fi itacen da ya kwashe. Bishiyoyin da mahaifina yake zama a inuwarsu, a wuni ɗaya.

Duk da haka ba zan ce maka share hanyar layi zalunci ba ne. A ranar 14 ga Agusta 2003, wayoyi suka sauko kan bishiyoyin da ba a rage ba a jihar Ohio, abin ya yi ta yaɗuwa har wuta ta ɗauke wa mutane kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada. A ranar 28 ga Satumba na shekarar, bishiya ce a Suwizalan ta jawo kusan duk Italiya ta shiga duhu. Aikin dole ne, yadda ake yinsa ne wani lokaci babu mutunci.

Ka je ofishin kamfanin wutar tun kafin su dawo. Ka ce su rubuta maka ƙarfin layin da faɗin filin da dokarsu ta ware masa, don na layin 11kV, wato mai ƙarfin volt dubu goma sha ɗaya, ba ɗaya yake da na manyan hasumiyoyin ƙarfe ba. Ka auna daga layin zuwa kowace bishiya, ka ɗauki hoto da fentin a jiki. Ka tambaya ko za a iya rage gefen da ya fuskanci waya kawai, a bar ɗayan. In sun yarda, su ne za su kashe layin su yi da kayan aikinsu. Maganar itacen da ta diyya a gama ta a takarda, musamman in bishiyoyin sun girmi layin. Ranar aikin kuma ka tsaya a wurin ko da me kake yi.

Kada ka yarda a guntule wa bishiya kai a bar gangar, toho ne zai fito birjik, mai saurin tsawo kuma marar ƙarfi. Kututturan turaren nawa ma sun yi toho, cikin shekara biyu sun wuce ni tsawo. Rassan da za su bari kada ka ƙone su a ƙarƙashin waya, harshen wuta da hayaƙi mai kauri suna sa wutar ta tsallako. Kuma ka gaya wa yaran gida, in waya ta faɗo a nisance ta da aƙalla mita 10, wanda ta faɗo kusa da shi ya haɗa ƙafafunsa ya ja su a hankali, kada ya yi dogon taku. Ni ranar da gudu na nufi yaron, ban ma duba ko reshen yana jikin wayar ba.

Ka ɗauki hoton turken daga nesa ka saka mana a nan, a ga kofunan tangaran ɗin da ke riƙe wayar. Akwai masu aikin a cikinmu, za su gaya maka irin layin da ke bayan gidanku.