Mako guda a teku tsakanin tsibiran Kuroshiya: me waya za ta iya, me ba za ta iya ba?

Tambayoyin wannan makon sun fito ne daga wasu 'yan'uwanmu mazauna Jamus, su shida, da suka haɗa kuɗi za su yi hayar ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska a birnin Split na ƙasar Kuroshiya. Daga Asabar zuwa Asabar za su zagaya tsibiran Brač da Hvar da Vis, tare da matuƙin da kamfanin haya zai haɗa su da shi. Kowannensu ya aiko da abin da ke damunsa, na tattara su wuri guda.

Tambaya: Malam, ina da Google Maps a wayata. Shin bai isa ya nuna mana hanya a cikin ruwa ba? Kuma idan babu sabis, ta yaya waya za ta san inda muke?

Bari in fara da ta biyun, ɗan'uwa, domin mutane da yawa na haɗa abubuwa biyu da ba su da alaƙa. GPS ba ya buƙatar data ko sabis. Wayarka sauraron taurarin ɗan'adam kawai take yi, ta lissafa inda take, kuma a sararin teku da babu gini ko bishiya kuskurenta ba ya wuce 'yan mitoci. Abin da ke cin data shi ne hoton taswirar da za a ɗora wannan ɗigon a kai. Idan ka sauke taswirar tun kana gida, ko ka cire layin daga wayar za ta ci gaba da nuna ka.

Google Maps kuwa an yi shi ne don titi. A wurinsa teku shuɗi ne kawai. Ba zai gaya maka zurfin ruwa ba, ko inda dutse ya kwanta mita ɗaya a ƙarƙashin ruwa, ko inda aka hana tsayawa saboda wayar lantarki da ta ratsa ƙasan teku. Jirgin irin naku yana da wani nauyin ƙarfe a ƙarƙashinsa da ke nutsewa kusan mita 2, don haka zurfi shi ne abu na farko da ake dubawa. Manhajojin da aka yi don wannan aiki su ne irin su Navionics, wadda kamfanin Garmin ya saya a 2017, da C-MAP. Ana biyan kuɗin shekara, sai ka zaɓi yankin tekun Adriyatik, wato tekun da za ku shiga, ka sauke shi da Wi-Fi. Bayan ka sauke, ka sa wayar a yanayin jirgin sama ka buɗe manhajar, ka matso da tashar Milna da ke Brač da ta Komiža da ke Vis ka gani ko lambobin zurfi sun fito. Idan ba su fito ba, saukewar ba ta kammala ba.

Akwai wani haɗari da ya fi ba ni tsoro a irin waɗannan taswirori. Idan ka janye hoton baya don ka ga hanya gaba ɗaya, manhajar na ɓoye ƙananan bayanai don kada allo ya cika, kuma a cikin abin da take ɓoyewa har da duwatsu. A watan Nuwamban 2014, jirgin Team Vestas Wind da ke gasar zagaya duniya ta Volvo Ocean Race ya hau kan duwatsun Cargados Carajos a tekun Indiya cikin dare. Ƙwararru ne a cikinsa, da na'urori masu tsada. Binciken da aka yi ya nuna cewa duwatsun suna cikin taswirar, amma ba sa fitowa sosai sai an matso da hoton. Allah ya kiyaye, babu wanda ya mutu. Saboda haka duk hanyar da aka zana, a bi ta daki-daki da hoto a matse tun kafin a tashi. Wannan aikin matuƙinku ne, kuma jirgin na da tasa na'urar taswira da ta takarda. Taka ta kallo ce da koyo, kada ka tsaya gardama da shi a kanta.

Ga mai niyyar ɗauko iPad saboda faɗin allo: wanda ke aiki da Wi-Fi kaɗai ba shi da GPS a cikinsa. Sai mai wurin sa layi, ko da ba a sa masa layin ba.

Tambaya: Ina da layin Jamus da kuma layina na gida da banki ke turo mini lambar sirri a kai. Wanne zan kunna?

Layin Jamus zai yi maka aiki kamar kana gida. Kuroshiya na cikin Tarayyar Turai, kuma tun 15 ga Yunin 2017 aka soke ƙarin kuɗin amfani da layi tsakanin ƙasashen tarayyar, sai dai wasu kamfanoni na sa iyaka ga yawan datar da za ka sha a waje. Duba naka kafin tafiya. Layin gida kuwa wannan doka ba ta shafe shi ba. Bar shi a kunne don saƙon banki, amma ka kashe masa data gaba ɗaya, kada kuma ka amsa kira da shi.

Inda kuɗi ke zurarewa ba a sani ba shi ne waya ta kama wani sabis da kanta. Manyan jiragen fasinja da na yawon buɗe ido kan ɗauki nasu sabis mai bi ta tauraron ɗan'adam, wanda dokar tarayyar ba ta rufe shi ba, kuma tsadarsa ba a magana. Haka idan kuka gangara kudu, kusa da Neum na Bosniya ko iyakar Montenegro, duk ba sa cikin tarayyar. Maganin abu ne mai sauƙi: shiga saitin layi, kashe zaɓin kamfani na kai tsaye, ka zaɓi ɗaya da hannunka daga Hrvatski Telekom, A1 ko Telemach. Sabis na da kyau a garuruwan tsibiran, amma a lungunan da tsauni ya rufe, musamman a bayan Vis, yakan yi rauni ko ya ɗauke.

Tambaya: Na ga manhajar Windy na nuna iskar kwana goma masu zuwa. Za mu iya tsara makon duka da ita?

Ku tsara, amma da fensir. Hasashen kwana biyu zuwa uku abin dogaro ne gwargwado, abin da ya wuce haka nuni ne kawai. Kuma Windy ba ta da hasashen kanta, tana nuna lissafin wasu cibiyoyi ne, irin su ECMWF na Turai da GFS na Amurka da ICON na Jamus. Waɗannan lissafai na yanka duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa kilomita da dama. Mashigar da ke tsakanin tsibiran Brač da Šolta ba ta wuce kilomita ɗaya ba, don haka lissafin ba ya ma ganinta, alhali a irin waɗannan matsatsun wurare ne iska ke ƙara ƙarfi. Idan ka buɗe manhajar, ka sauya tsakanin lissafi biyu ko uku. Sun yi daidai da juna, to da sauƙi. Sun saɓa, ka ɗauki mafi muni. Ka kuma duba shafin bugun iska na lokaci-lokaci, domin shi ke kwantar da jirgi, ba matsakaicin gudunta ba.

Mutanen gaɓar suna da sunayen iskokinsu, kuma za ku ji su a bakin matuƙi kullum. Maestral ita ce ta rani mai daɗi, daga arewa maso yamma, tana tasowa da hantsi ta kwanta da yamma. Jugo na zuwa daga kudu maso gabas da gajimare da manyan igiyoyin ruwa, tana taruwa a hankali. Bura na faɗowa daga kan duwatsu ta arewa maso gabas, busasshiya, farat ɗaya. Akwai kuma nevera, guguwar tsawa ta rani da kan zo cikin ɗan lokaci ta wuce. Hukumar yanayi ta ƙasar, DHMZ, na fitar da hasashen matuƙa a shafinta, har da Turanci, kuma tashar Split Radio na karanta shi ta rediyon jirgi. Shi nake fifitawa a kan kowace manhaja. Daga Split zuwa Vis kusan mil 30 ne na teku, tafiyar awa biyar zuwa shida a buɗaɗɗen ruwa, don haka ranar zuwa can iska ce za ta zaɓa muku.

Tambaya: Akwai wuta a cikin jirgin? Ina so in zo da kwamfutata.

Akwai, amma ka ɗauke ta kamar gidan da ke kan batirin sola da daddare: kowa ya ja, kowa ya kwana a duhu. Soket ɗin bango mai 230V galibi ba ya aiki sai an jona jirgin da wutar tasha. A kan ruwa abin da ke akwai batir ne mai 12V, kuma shi ke riƙe da firji da fitilu da famfon ruwa da na'urorin tuƙi. Ku tambayi kamfanin ko akwai inbata da wuraren USB, ku zo da cajar mota mai baki biyu ko uku, ku riƙa caji lokacin da inji ke aiki.

Fawa-bank mai 20,000mAh zai cika waya kamar sau uku. Ƙarfinsa wajen 74Wh ne, ƙasa da iyakar 100Wh da jiragen sama suka yarda da ita, amma a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan da ake aunawa ba. Kwamfuta kuwa, in ba aiki ne ya tilasta ba, a bar ta a gida. Iskar teku na ɗauke da gishiri, jirgi kuma na karkata, abin da ke kan tebur yakan tsinci kansa a ƙasa.

Tambaya: An rubuta IP68 a kwalin wayata. Zan iya ɗaukar hoto da ita a cikin ruwa?

Hajiya, kada ki yi. Gwajin da ya ba ta wannan lamba da ruwan daɗi aka yi shi, a kan sabuwar waya. Roba da gam ɗin da ke toshe ƙofofinta na saki da tsufa da zafi da faɗuwa, balle idan an taɓa canza mata gilashi. Ruwan gishiri ko ya bushe yana barin gishirin a ramin caji yana cin ƙarfe, kuma garantin yawancin kamfanoni bai haɗa da lalacewar ruwa ba. Sayi jakar roba mai rufewa da igiyar rataya a wuya, ki gwada ta a gida da takarda a ciki. Igiyar ma ta fi jakar muhimmanci, don wayar da ta zame daga hannu a teku ta tafi ke nan.

Idan ta riga ta jiƙe, kashe ta, ɗauraye ta kaɗan da ruwan sha idan mai jure ruwa ce, goge ta, ki ajiye ta a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kada a sa mata caji sai ta bushe sarai. Shinkafa ba ta da amfani a nan, Apple da kansa ya ce a daina. Hotuna kuma a bari su hau ma'ajiyar intanet duk daren da aka samu Wi-Fi a tasha.

Tambaya: Yaya za mu yi da alƙibla da lokutan salla?

Manhajojin salla lissafi suke yi da wurin da kake, don haka yawancinsu na aiki babu data. Ku tabbatar wayar ta sabunta wurin zuwa Split. A tsakiyar rani rana kan faɗi wajen ƙarfe takwas da rabi, asuba kuma na yin wuri ƙwarai. Alƙibla daga wannan yankin tana kudu maso gabas, kusan digiri 130 daga arewa. Kamfas ɗin waya yakan rikice kusa da inji da ƙarafa da lasifika, saboda haka ku riƙe wannan lamba ku duba ta a kamfas ɗin jirgi da ke gaban sitiyari. Ku sani kuma jirgin da ke tsaye a kan anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe shi, yana juyawa da iska, inda ya fuskanta da magariba ba lallai ne nan yake da isha ba. Hukuncin salla a jirgi mai motsi kuwa, malamai za ku tambaya kafin ku tashi.

Tambaya: Idan wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, wa za mu kira?

Ku adana lambobi biyu a kowace waya: 112 ta gaggawa, da 195 ta cibiyar ceto a teku da ke Rijeka. Amma abin neman agaji na farko a jirgi shi ne rediyon oba-oba na VHF, tasha ta 16. Waya mutum ɗaya take kira, kuma sai da sabis. Rediyo kuwa duk jirgin da ke kusa zai ji ku lokaci guda, kuma sau da yawa wanda ke nesa da ku da mil ɗaya shi zai riga kowa isowa. A jikin rediyon akwai jan maɓalli a ƙarƙashin murfi, idan aka danne shi na 'yan daƙiƙoƙi yana aika lambar jirgin, da inda yake idan an haɗa shi da GPS.

Abin da nake roƙonku shi ne wannan. Matuƙinku mutum ɗaya ne, shi ma zai iya zamewa ya faɗa ruwa ko ciwo ya kama shi. Ranar Asabar ɗin farko, kafin a kwance igiya, ku sa shi ya nuna wa aƙalla mutum biyu yadda ake kunna rediyon, inda ake karanta lambobin wurin da jirgi yake, yadda ake tada inji da kashe shi, da inda rigunan ceto suke. Ku rubuta sunan jirgin da alamar kiransa a takarda ku manna kusa da rediyon. Sannan kowace safiya ku tura wa wani na gida sunan tsibirin da kuka nufa da lokacin da kuke sa ran isa, ku kuma gaya masa lambar da zai kira idan dare ya yi bai ji daga gare ku ba.