Ba Kurkurar Ce Matsalarka Ba, Alhaji

Wani Alhaji mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano ya rubuto cewa ya ware naira miliyan 3 zai sayi kurkura, ta riƙa kwasar masa buhuna, ta kuma yi lodin wasu. Sabuwa zai saya ko ta hannu? Can ƙasan wasiƙar ya ce ɗan yayarsa zai ba wa, "tunda na gida ne, ba sai an yi rubutu ba", kuma yana sa ran ta mayar da kuɗinta cikin wata 6.

Alhaji, batun zaɓi ba ya cin lokaci. Sayi wadda bakaniken unguwarku ya san cikinta, wadda kuma ake samun kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa. Buhun masara kilo 100 ne, ka tambayi nauyin da aka ƙera ta ta ɗauka, kada ka biye wa dillali.

Wata 6 kuwa mafarki ne. A ce balas ɗin, wato kuɗin da direba zai riƙa kawo maka, 8,000 ne kullum, kwana 26 a wata, 208,000 ke nan. A wata 6 ko rabin kuɗinka ba ka gani ba, kuma ba a cire taya da juyen baƙin mai ba. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, direba ma da kyar yake fitar da nasa.

Amma abin da ya tayar min da hankali "na gida ne" ɗin nan. Na san wani da ya ba ƙaninsa sabuwar kurkura haka, da baki kawai. Watan farko balas na zuwa cif. Na biyu sai "Yaya, yau babu kasuwa". Ashe lodin siminti yake yi da ita har dare, ba a taɓa juye mata mai ba, har inji ya buga. Da ya buɗe baki, Hajiyarsu ta ce a kan ƙarfe zai tozarta ɗan'uwansa? Rabin kuɗi ya sayar da ita, har yau ba sa ga-maciji.

Zaunar da yaron gaban shaidu biyu, yayar taka na wurin. A rubuta balas nawa, ranar kawowa, wa ke sayen mai, wa ke gyara, ina za ta kwana, sati nawa na fashi za ka karɓe makulli. In Yaya ta ce ka raina ta, ba ta haƙuri, ka nemi direba a tasha mai wanda zai tsaya masa.